Bakin da Ya Maƙale a Rauta

Ɗan yatsana na hagu har yau a karkace yake, kuma sandar mahaifina ce ta karya shi.

A lokacin ina zaune a unguwar Gesse. Na sayi rauta, ɗan akwatin nan mai raba intanet a gida, na ɗora ta a kan tebur ina ta cika baki. Da safe na gwada ta a waya, lambobi biyu suka fito. Ta farko gudu ce, ta yi kyau. Ta biyu jinkiri ce, wato lokacin da magana ke ɗauka ta je ta dawo. Ita ko kallo ba ta ishe ni ba.

Ranar Baba ya zo daga Argungu, ambaliya ta cinye masa shinkafa, ransa a ɓace. Bayan la'asar na kira masa ƙanena da ke karatu a waje, ta bidiyo. Na manta kwamfutata tana can ɗaki tana tura hotunan aiki. Baba ya daure ya tsokane shi da cewa ya yi kumatu. Shiru. Sai ya sauke murya ya ce, "Ruwa ya ci gona duka."

A daidai nan dariyar ƙanena ta iso, har da buga cinya.

Ban taɓa ganin fuskar Baba haka ba. Ya miƙe a fusace. "Ni kaka yi ma dariya? Ni? Tahi, na yahe ka! Kak ka ga..." Bai ƙarasa ba ya ɗaga sandarsa. Da ya ga na janye wayar, sai ya auka wa rauta, don na riga na nuna masa ta nan maganar ke bi. Na kai hannu in tare, sandar ta sauka a yatsana, na ji ƙas. Bai tsaya ba. Ya yi ta dukanta har ɓaraguzai suka watsu, ɗaya ya tsaga masa goshi, jini ya sauko kan rigarsa. Na tsorata, kuma wallahi na ji haushinsa.

Kwana biyu bai ci abin kirki ba. Bakin uba ba wasa ba ne, shi ma ya sani.

Na aro rautar maƙwabci, na zauna kusa da shi da hannu a ɗaure. Na gwada: jinkiri kaɗan. Na kunna turin hotunan na sake gwadawa, lambar ta haura har kusan sakan uku. Na ce, "Baba, magana layi take bi a cikin akwatin nan. Dariyar kumatu ce ta makara."

Ya daɗe yana kallon lambar. "Awa mai sara a ƙetaren gulbi," ya ce. "Ka ga gatari ya sauka, sannan ƙara ta iso."

Sai ya kama rigata. "To abin da nic ce hwa? Ya isa gare shi?"

Na kashe turin, na kira ƙanena, na tambaye shi abin da ya ji na ƙarshe ran nan. Ya ce, "Yaya, na ji gona, sai hoton ya tsaya. Lafiya Baba yake?"

Baba ya rufe fuska da hularsa. Da ya buɗe, yatsana ya duba.