Gashin Bakin Odilon da Ƙanƙara Mai Inci Huɗu

A ƙauyenmu na Sainte-Irmine, can arewacin Kebek, ba a cewa hunturu ya kankama don kawai dusar ƙanƙara ta rufe rufin coci. Sai ran da aka leƙa ta taga aka hango Odilon Perron a tsakiyar tafki, ya duƙa yana kafa 'yan bishiyoyi cikin ƙanƙara, ɗaya bayan ɗaya, tun daga gaɓarmu har bukkar ƙungiyar masu babur ɗin dusa da ke ƙetare. Ran nan ne kowa ke yaye tamfol daga kan babur ɗinsa na dusa, ya share takalman sulɓin da ke gaban babur ɗin, ya bi layin bishiyoyin nan ido rufe. In Odilon bai kafa ba, ko firaminista ne ya zo da nasa babur, sai dai ya nemi kujera ya sha kofi.

Odilon taubashina ne, saboda haka ba mai hana ni faɗar abin da na sani. Gajere ne, in ya sa rigar sanyinsa faɗinsa ya fi tsawonsa. Shekara talatin da biyar ya yi a injin yankan katako, ya fito da yatsunsa goma cif, abin da har yau yake nuna wa baƙi kamar lambar yabo. Aikin tafki kuwa gado ne. Mahaifinsa ya yi shi tun ana ja da doki, ya bar masa sanda guda mai ƙusa a lanƙwashe a baki, an tsaga mata inci inci da wuƙa. A huda ƙanƙara, a zura sandar, ƙusa ta kama ƙasan ƙanƙarar, a karanta. Inci takwas na baƙar ƙanƙara mai tauri, a kafa bishiya. Ƙasa da haka, a koma gida. Dokar ke nan, ba ta da ƙanwa.

Amma ba sandar ce ta yi masa suna ba, gashin bakinsa ne. Tun makon da ya auri Gisèle ya bar shi, shekara arba'in da ɗaya ke nan, reza ba ta kusance shi ba. In an zuba masa miyar wake, rabi nasa ne, rabi na gashin bakin. Akwai masu rantsuwa cewa wata bazara tsuntsuwa ta yi kwana biyu tana kai kara ciki kafin ta gane mutum ne. Kuma da shi yake auna sanyi. In ya fito daga gida gashin ya daskare kafin ya kai gindin akwatin wasiƙa, sai ya ce, "Ashirin ƙasa da sifili." A duba ma'aunin da ke jikin shago a tarar haka ne, ko an kuskure da ɗaya.

Mutum ɗaya ne gashin nan ya tsaya wa a maƙogwaro: Rosaire, ƙanin Gisèle, mai askin ƙauyen. Duk wata Odilon zai zauna a kujerarsa a rage masa sumar kai, Rosaire na zagaya gashin bakin da almakashi yana haɗiyar yawu.

Ga inda rigima ta samo asali. Kowane Oktoba Odilon kan shiga daji ya duba gidajen rina. In sun yi gida a ƙasa-ƙasa, dusa kaɗan ce. In sun haura sama, to sun san za ta yi tudu, suna gudun kada ta binne su. A bara ya samu wani gida a ƙololuwar bishiya, sai da hularsa ta faɗi garin kallo. Bai ko koma gida ba, ya zarce shagon Rosaire. Ya tarar da rediyo na ba da hasashen hunturun da ke tafe: wai za a yi sanyi mai sauƙi, dusa ta zo ta narke, har da ruwan sama a Janairu.

"Kashe abin nan," in ji Odilon. "Yaran da ba su taɓa jiƙa safa a tafki ba, su ne za su gaya mana hunturu?"

"Mijin yaya, su fa da na'ura suke dubawa daga sama," in ji Rosaire. "Kai kuma ƙwaro ka je ka tambaya."

"Ƙwaron nan bai taɓa yi mini ƙarya ba. Kai kuwa tun ranar aurena kake cewa aski bai da zafi."

Mutum biyar da ke jiran layi suka fashe da dariya. Rosaire ya ajiye almakashi a hankali.

"To mu yi magana ta manya. Asabar ta biyu a Janairu, ranar hawan ƙungiya. In bishiyoyinka na tsaye a kan tafki, zan yi shekara ina yi maka aski kyauta, ina kiranka malam. In ba sa tsaye..." Ya nuna gashin bakin da tsinin tsefe.

Odilon ya shafa gashin bakinsa hagu da dama. Da yana da hankali da ya ce zai yi shawara da matarsa. Amma mutum biyar na kallo.

"Wasa rezarka," ya ce. "Za ta yi tsatsa tana jira."

Da labari ya kai wa Gisèle, ba ta ɗago daga dankalin da take ferewa ba. Ta ce, "Ni dai na manta ko kana da leɓe. In an gano shi a gaya mini."

Farkon Disamba tafki ya kama, siririyar ƙanƙara kamar gilashin taga. Kwana uku bayan haka sama ta buɗe. Dusa ta sauka kwana huɗu ba hutu, ta binne shinge, ta binne motar fadan cocinmu, ta kusa binne fadan kansa. Odilon ya riƙa yawo cikin gari ƙirji a gaba, yana tsayawa a ƙofar shagon Rosaire yana yin kukan rina da baki. Yara da manya suka hau babura a gonaki da hanyoyin daji, ko'ina ƙara da hayaƙi.

Sai dai a cikin ransa akwai abin da ke cizonsa, don ya san abin da mahaifinsa ya sani. Dusa mai yawa a kan siririyar ƙanƙara bargo ce. Tana rufe ta, sanyi ba ya ratsawa, ƙanƙarar ta kwanta a ƙasa tana barci ba ta ƙara kauri. Ga shi bayan Kirsimeti iska ta juyo daga kudu, rufin gidaje suka fara ɗiga, dusar da ke kan tafki ta koma kamar kunu. Bai gaya wa kowa ba. Ya dai rage yin kukan rina.

Da aka shiga sabuwar shekara, kowane gida ya jawo bishiyarsa ta Kirsimeti ya jefar a ƙofar Odilon, kamar yadda aka saba, don su ne alamun hanya. Tamanin da uku suka taru. Sai da Gisèle ta riƙa fita ta ƙofar baya. Kullum da safe Odilon zai buɗe taga ya ga tulin nan yana kallonsa, Rosaire kuma zai wuce a kan hanyarsa ta zuwa shago, ya ɗaga hula, ya zaro reza daga aljihu ya goga ta a hannun riga.

Ranar Jumma'a, jajibirin hawa, an ɗan yi sanyi. Odilon ya fito da hantsi, gashin bakin ya kama bayan ya ɗan wuce akwatin wasiƙa, zuciyarsa ta yi fari. Ya ɗaura igiya a ƙugu, ya rataya a wuya ƙusoshin ceto da ake kafawa a ƙanƙara a fito in an faɗa ruwa, ya ɗauki ƙarfen huda da sandar gado, ya jawo bishiyoyi goma na farko a kan jigo, wato amalanke mai sulɓi da ake ja a kan dusa. Gisèle ta tsaya a gaɓa da madubin hangen nesa da butar kofi.

Ramin farko, inci tara. Ya kafa bishiya. Taki hamsin, inci tara. Ya kafa. Inci takwas da rabi. Inci takwas. Ya fara fito da baki, har yana tsara yadda Rosaire zai furta kalmar malam. Haka ya yi ta tafiya har ya kai tsakiya, daidai inda ruwan kogi ke ratsa tafkin ta ƙarƙashi.

Ƙarfen ya shige kamar a cikin burodi. Ruwa ya bulbulo ya jiƙa masa takalmi. Ya zura sanda, ya jawo. Inci huɗu, kuma ba baƙa ba, fara ce mai ruɓewa. Ya ce ƙila ramin ne ya yi rashin kunya. Ya matsa gefe ya huda wani. Huɗu. Ya kwanta rub da ciki ya ja jiki gaba ya sake hudawa. Huɗu babu kaɗan. Ya yi dama, ya yi hagu, ko zai samu inda zai karkata hanyar, amma kogin ya yanke tafkin gida biyu. Wurin bai fi taki talatin ba. Bayansa kuma ya san ƙanƙara lafiya lau take har ƙetare.

Ya koma baya ya zauna a kan jigo. Taki talatin kacal. Babur mai gudu zai wuce kafin ƙanƙara ta san an taka ta, shi da kansa ya sha yin haka yana saurayi. Ba wanda ya ga sandar sai shi. Ya shafa gashin bakinsa, ƙanƙarar da ta maƙale a ciki tana ƙaras-ƙaras. Shekara arba'in da ɗaya.

Sai ya tuna yadda hawan yake. Babur arba'in ne a jere, ba ɗaya ba, wasu da jikoki a baya. Kuma wa ke zuwa ƙarshe kowace shekara, a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai, tana jan jigo cike da tukwanen miya da kaskon tourtière shida, gasasshen burodin nan mai nama a ciki? Ya juya ya hango Gisèle can a gaɓa, ɗan ɗigo ja cikin fari, tana ɗaga masa buta.

"Rina, kun cuce ni," ya ce.

Ya bi sawunsa yana tuge bishiyoyin da ya kafa, ɗaya bayan ɗaya, don kada wani ya ga rabin layi ya ɗauka cikakke ne. Da ya iso gaɓa Gisèle ta dubi jigon, ta dubi fuskarsa.

"Nawa?"

"Huɗu."

Ta zuba masa kofi, ta ƙara sukari fiye da yadda likita ya yarda. Ta ce, "Sha, tsohona. Ka bar gashin bakin ma ya sha rabonsa na ƙarshe."

Asabar aka yi taron a zauren coci maimakon bukka. Mutane suka zo a mota, suna gunaguni kamar an hana su gadonsu. Wani ma ya ce tsufa ne ya kama Odilon, da can ba ya tsoron ɗan ruwa. Ana cikin cin abinci ruwan sama ya tsuge, a tsakiyar Janairu, yadda rediyo ya faɗa. Kafin a kwashe kwanoni wata mata da ke kusa da taga ta ce, "Ku zo ku gani." Tsakiyar tafki ta buɗe baki, baƙin ruwa na motsi, daidai inda layin zai bi. Mai maganar tsufa ya koma ya zauna yana ta juya cokali a kofin da babu komai.

Rosaire ya zo da jakarsa ta aski, amma sai ya tura ta ƙarƙashin tebur da ƙafa.

"Mijin yaya, a bar maganar nan. Wasa ne."

"Wasa? Kwana da kwanaki kana goga mini reza a ƙofar gida, yanzu ka ce wasa?" Odilon ya jawo kujera tsakiyar zaure, ya ɗaura tawul ɗin kicin a wuya. "Zo ka yi aikinka. Amma kowa ya shaida: rina dusa suka ce, kuma an yi dusa. Ba su ce komai a kan ƙanƙara ba. Ni ne na ƙara musu magana."

Sai da Rosaire ya fara da almakashin yankan shinge, in ji waɗanda ke gaba. Ana ta sowa, fada na riƙe da madubi. Da aka gama aka goge kumfa, sai ga wani ɗan leɓe fari fat, siriri, yana kyarma kamar wanda aka tasa daga barci. Gisèle ta sa tabarau, ta matso, ta daɗe tana kallo.

"Wayyo ni," ta ce. "Leɓen babarka sak. Ashe surukata nake aure."

Fada ya saki madubi don dariya.

Sanyin gaske bai zo ba sai ƙarshen wata. Ruwan saman nan ya narkar da bargon, tafki ya kama tun daga tushe, kwana tara ana jin ƙanƙara na gurnani kamar sa. Odilon ya koma tsakiya ya zura sanda: inci goma sha ɗaya, baƙa wuluk. Bishiyoyin kuwa sun bushe a ƙofar gida, ganye ya kakkaɓe, sun zama tsintsiya, sai da Gisèle ta yayyaga tsohon labule ja aka ɗaura wa kowace ƙyalle. Ran da ya kafa su ba wanda ya tambaye shi inci nawa. Babur hamsin da biyu suka biyo bayansa, har da waɗanda suka zo daga ƙauyuka biyu don sun ji labarin mutumin da ya ba da gashin bakinsa.

Shi dai ya sha wuya a hanya. Leɓen da bai taɓa ganin hunturu ba ya yi shuɗi, ga shi ba abin auna sanyi, sai da ya tambayi Rosaire awo nawa waya ta ce. A bukka ya tarar an riga an manna gashin bakin a jikin katako an rataye bisa murhu, kusa da ƙahon barewar da wani ya harbo. Ya tsaya ya dube shi, ya ce an karkata shi hagu, ya hau kujera ya gyara da kansa. Sannan ya zauna, Gisèle ta zuba masa miyar wake kwano guda, ya shanye tas shi kaɗai, ya ce ashe haka take da yawa.