Harafin da Ya Ƙi Fita Bakin Yaya

Ranar Juma'ar farko ta watan Muharram, shekarar da nake aji uku a firamare, muna zaune a ɗakinmu na unguwar Mansur a Makka bayan la'asar, na'urar sanyaya ɗaki tana ta gurnani babu sanyin kirki, sai Baba ya shigo ko takalmi bai cire ba. Ni ina tsintar shinkafa a faranti, Inna tana ƙulla yajin sayarwa a leda, Yaya Bashir kuwa ya dasa hanci a talabijin kamar kullum, yana kallon shiri a kan rayuwar wani Bature da ya ɗauke masa hankali. Baba ya ce Yaya ya kusa kai shekarun da ba zai ƙara zama a ƙarƙashin iƙamarsa ba, wato izinin zama, kuma ya zaga duk inda yake da sanayya bai samu wanda zai tsaya masa ba. Kafin watan Mauludi ya fita, dole Yaya ya tafi Sakkwato wajen baffanninmu. Ledar da ke hannun Inna ta fashe, yaji ya tashi, dukanmu muka kama atishawa da hawaye, ba wanda ya tashi ya buɗe taga.

Baturen nan ɗan wasan fim ne daga ƙasar da Larabawa ke kira Iskutlanda. Ranar da Inna ta fara jin mai gabatarwa ya ce "Iskutlandi", sai ta ajiye muciya ta leƙo daga madafa ta ce, "Mi yac ce? Ashe Basakkwace na!" Daga nan sunansa ya zama Basakkwacen Turawa a gidanmu. Yaya ya haddace tarihinsa fiye da karatun makaranta. Ya ce ubansa lebura ne a wajen ƙera jiragen ruwa, a ɗaki ɗaya suka tashi kamar mu, ya yi dakon gawayi kafin ya samu shiga fim, kuma da farko mai buɗe ƙofa ake sa shi, ko wanda ake kashewa tun mutane ba su gama zama ba. Daga baya ya zama soja, ya zama sarki, ya zama matuƙin jirgin ruwa, da furfura ta zo ya koma likita da kakan yara. Da yamma Yaya yakan kwashe mu saman bene, ni da yaran maƙwabta, ya ɗaura zanen Baba mai gida-gida iya gwiwa wai haka mazan ƙasar ke yi, ya ɗauki sandar goge-goge a matsayin takobi. Mu ne rundunarsa, tankunan ruwa ne garin abokan gaba, tantabarun Makka kuwa su ne suka fi shan wahalar yaƙin. Sau da yawa sai an kira magariba nake tunawa shanya aka aike ni kwashewa.

To, ga inda matsalar take. Yaya a Makka aka haife shi, makaranta Larabci, ƙwallo Larabci, faɗa ma da Larabci yake yi. Yana jin Hausa, amma da Larabci yake amsawa, in ya matsa ya yi ta kuwa sai ka ji tausayin Hausar. Ni da nake maƙale da Inna a madafa, wajen surfe da wankin wake da suyar ƙosai, bakina ya nuna. Tsoron Inna ɗaya ne, kuma ba ta ɓoye shi ba: a nan an ce masa baƙo, kada ya je gidan ubansa ya buɗe baki su ma su ce masa baƙo, ya rasa inda zai sa kansa a duniya. Don haka ta zaɓar masa magana ɗaya da zai faɗa wa duk wanda ya tare shi, daga filin jirgi har zauren baffanninmu. Maganar ita ce, "Ni ɗan ƙasa ne."

Wayyo, wannan harafi! Yaya ya buɗe baki ya ce, "Ni dan kasa ne." Inna ta dafe ƙirji ta ce kasa maciji ce, wa ya haifi maciji a gidan nan? Ta ce masa ya yi kamar harafin ƙaf na Larabci, ta manta mutanen Makka "ga" suke mayar da shi, sai ga Yaya ya zama "dan gasa". Na ƙyalƙyale da dariya, na sha ranƙwashin da har yau in na tuna sai na shafa kaina. Babu abin da Inna ba ta yi ba. Ta ɗora yatsansa a maƙogwaronta ya ji yadda harafin ke tsalle, ta lasa masa zuma, ta yi tofi a ruwan Zamzam ta ba shi. Ta hana Larabci a ɗaki, ta ce wanda bai nemi abinci da Hausa ba ya kwana da yunwa, sannan da ya yi zuciya ya ƙi nema ita ce ta bi shi da kwano. Ni aka naɗa malama, ina bin sa da ƙofa, ƙosai, ƙwarya, ƙafa, yana maido mini da kofa, kosai, kwarya, kafa. Kwanaki suna ta tafiya, Inna tana ramewa a kan idonmu.

Wata rana ya gaji ya fashe. Ya nuna talabijin ya ce Basakkwacen Turawa ma an ce masa ya gyara harshensa ko a kore shi, ya ƙi, da harshen garinsu ya yi sarki ya yi soja, kuma duniya ta karɓe shi a haka. Inna ta miƙe ta fizge wayar talabijin daga bango ta ce, "Shi cikin akwati shike, kai ko gidan ubanka za ka tahi, kuma ba ni nan in tare maka!" Muryarta ta karye a ƙarshen maganar. Da na hau kwashe shanya na same shi a bayan tanki, ya riƙe maƙogwaronsa yana "ka, ga, ka" kamar kazar da tsaba ta shaƙe. Ya dube ni ya ce da Larabci, "Hauwa, wallahi tsoro nake ji." Sai na zauna kusa da babban yayana muka ci gaba da gwadawa.

Ranar tafiya Inna ta tsayar da shi a bakin ƙofa, motar Jidda tana jira, ta ce ya faɗa mata sau ɗaya. Ya rufe ido, ya ce, "Ni dan kasa ne, Inna." Ta gyara masa wuyan riga ta ce Allah shi tsare, ta juya ta fuskanci bango.

A Sakkwato Ɗan Kasa suka sa masa, ya sha tsokana, ya sha kuka, daga baya ya zama mai ɗaura tauraron ɗan'adam a gidajen mutane. In ya kira waya kuwa, da Larabcin Makka yake magana, don ya ce mu kaɗai muka rage masa da zai yi shi da su, Inna kuma don tausayi ba ta ƙara cewa ya gwada ba. Hanyar dawowa ba ta taɓa buɗe masa ba. Ranar da Allah ya karɓi ran Inna, bayan su Baba sun dawo daga maƙabarta, ya kira ni, ya ce da Hausa, "Hauwa, an sa ta a ƙasa?" Harafin ya fito tsaf, irin na bakin Inna. Na durƙushe a tsakiyar mata masu gaisuwa ina kuka ina cewa ya maimaita.

Yanzu 'ya'yana a unguwar Shisha, nan Makka, suna amsa mini da Larabci, ina ɗora yatsunsu a maƙogwarona suna dariya. Kwanan baya na ga Basakkwacen Turawa a waya, ya tsufa tukuf, har yanzu da harshen garinsu yake magana. Shi duniya ta jira shi. Inna ma ta jira harafin daga bakin ɗanta, sai dai ya iso bayan ta tafi.