Shafi Tara Da Suka Rage

Mu'minatu ba ta yi boko ba, iyakarta allo da 'yar ajami. Amma shekara goma sha ɗaya ta yi tana sauraron labaran masu binciken kisan kai, don mijinta Malam Ashafa tsofaffin littattafan Turanci yake sarowa daga Kano, yana bazawa a tabarma bakin tashar Dutse. Waɗanda gara ta taɓa ya karya musu kuɗi. Wanda ya ƙi sayuwa duk da arahar, shi yake kawowa gida.

Bayan la'asar tana tsince shinkafa, yana karantawa yana juya mata da Hausa. Sunayen Turawa ba sa zama a bakinta, sai ya raɗa musu na gida: wannan Idirisu direba, waccan Hajiya Luba mai gidan haya, ga Liman, ga Ɗan Miga.

"Malam, Lubar nan ba ta kwanta mini ba," takan ce.

"Ke dai tsince tsakuwarki, alƙali."

Shekarar da aka ƙaddamar da shari'a zazzaɓi ya ɗauke shi, kwana huɗu. Saura shafi tara a littafin da suke kai. Ba ta yi kuka ba. Ta yi takaba, ta ci abin da aka ba ta, ta amsa gaisuwa. Ƙaninsa ya kwashe littattafan ya sayar wa masu ƙosai don naɗi, wannan ɗaya ta ɓoye a ƙarƙashin darduma. So take ta san wa ya kashe attajirin cikin labarin, kamar maganar da Malam ya faro ce bai ƙarasa ba.

Da ta fita takaba ta kai wa Malama Talatu, maƙwabciyarta mai koyarwa a firamare. Talatu ta karanta shafukan, ta faɗi wani suna na Turawa.

"Shi ne ya zuba gubar."

"Wane ne shi a ciki? Direban ko Ɗan Miga?"

"Yaya Mu'minatu, babu Miga a littafin nan. Ba direba ma."

"Liman fa?"

Talatu ta juya shafuka baya, ta girgiza kai.

Mu'minatu ta sa aka maimaita mata sunan sau biyu, bai kama kowa ba cikin mutanen da ta sani.

"To, Allah ya saka da alheri," ta ce.

Ta bar littafin nan kan tabarmar Talatu, ta gyara mayafi, ta tafi ɗora tuwo.