Gyaran Muryar Malam Haladu

Duk wanda ya ci kasuwar Gwiwa a shekarun baya ya san Malam Haladu baduku, mai ɗinkin zabira da kuben wuƙa. Siririn mutum ne, in yana magana sai ka matso. Ya karɓi wuridi a hannun wani muƙaddami a Kazaure shekarar da aka sami 'yancin kai. Tun daga nan, safe da la'asar, sai ya shimfiɗa buzu a zaure ya dubi gabas. Mai wuridi ba ya magana sai ya idar. In an yi masa sallama, gyaran murya yake yi, wato a dakata.

Da farko ya sha wuya. Ƙafa ta sage, zuciya ta tafi kasuwa tana cinikin fata. Da shekaru suka tura, sai abin ya kwanta. Numfashi ya yi tsawo, carbi ya riƙa tafiya da kansa, wani sanyi ya riƙa sauka a ƙirjinsa kamar ruwan sabuwar randa. Mutane suna cewa in ya zauna ba ya jin komai. Ina! Jin nasa ma ƙaruwa ya yi, har tafiyar ƙadangare a kan danga yana ji. Ba ya dai motsawa ne, kuma, a faɗi gaskiya, daɗin abin ya fi ƙarfinsa.

Shekarar da aka yi babban fari, wata la'asar, tartsatsi daga murhu ya kama jinkar rumbun da ke bayan zaure. Ɗan geron da ya rage musu yana ciki. Matarsa Tasalla ta ƙwala kira: "Malam! Malam, wuta!" Ya ji ta sarai. Saura kaɗan ya idar, sanyin nan kuwa ya kai inda bai taɓa kaiwa ba. Sai ya yi gyaran murya.

Maƙwabta suka rugo ta zaure, suka tsallake shi yana zaune. Kafin su isa, Tasalla ta yaye jinkar da hannunta. Gero ya tsira, amma yatsunta na dama sun ƙandare, ba su sake miƙewa ba.

Ka san mutanenmu. Maimakon zagi, sai labari ya kai Roni da Babura cewa a Gwiwa akwai bawan Allah da wuta ta kama gidansa bai ji ba. Aka riƙa zuwa a kan keke neman addu'a. Duk wanda ya durƙusa ya ce "Allah gafarta Malam," sai Haladu ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige don kunya. Bai ce ya ji ba, bai ce bai ji ba. Wuridi dai bai fasa ba, amma sanyin ya tafi. Da ya rufe ido, kiran nan ne yake zuwa.

Wata rana wasu mata daga Achilafiya suka sa Tasalla ta ba su labarin, ta kuwa ba su yadda suke so. Da suka tafi ta kawo masa fura, ƙwaryar a hagu, tana tallafe da ita da hannun da ya ƙone. Ya dubi hannun, ya yi niyyar magana. Sai ya yi gyaran murya.

Ta ajiye ƙwaryar a hankali.

"Irin gyaran muryar nan ka yi ran gobarar, Malam," in ji ta. "Na ji ka. Sha furarka kafin ta tsinke."