Ranar da Muka Kai Kwamfuta Ban Haƙuri Sodiko

Aikina shi ne koya wa na'ura bin dangantaka. A kamfanin da nake, can wajen Ndokoti, muna amfani da wani rumbun bayanai da ba ya jera abubuwa layi-layi kamar rajistar makaranta. A cikinsa kowane abu ƙulli ne, tsakanin ƙulli da ƙulli kuma akwai zare: wannan kwantena tana kan waccan mota, motar tana hannun wancan direba. In kana neman wani abu, sai ka rubuta ɗan aike, ka ce masa ya tashi daga ƙulli kaza, ya bi zare kaza, ya tsaya a wuri kaza, ya dawo ya gaya maka wa ya tarar. Yaren da ake ba shi umarni da shi muke kira API. Masu yaren suna wata ƙasa mai sanyi. Ban taɓa ganin ko ɗayansu ba, amma na san halinsu sarai: ba sa iya ganin abu yana aiki su ƙyale shi. Kana zaman zamanka za su fito da sabuwar siga, su ce kalmar da ka saba aiken yaron da ita ta tsufa.

Baffana, ƙanin mahaifina, shi ya ja wannan abu zuwa cikin gidanmu a New Bell. Tsohon ma'aikacin ofishin tashar jiragen ruwa ne, shi ne shugaban taron dangi, kuma duk duniya babu kalmar da yake ƙauna irin système, wato tsari da Faransanci. Da can, in za a yi suna ko biki, mata ne ke zagaya unguwa da goro da alawa suna gayyata. Dole a manta wani, wanda aka manta kuma ya ɗauki gaba har wata Sallar. Ranar da Baffa ya leƙa allona ya ga zare-zaren nan, sai ya ce ai wannan danginmu ne sak, in cire kwantenonin in zuba mu. Daga nan na'ura ta riƙa tura gayyata ta waya, mu huta da ƙorafi.

Zuba mu ɗin ma sai da ya zama aiki. Tsofaffin matanmu ba sa faɗin sunan miji, ba sa faɗin na ɗan fari. In na tambaya sai su sunkuyar da kai su ce "shi". Rabin mazan danginmu da wannan sunan suka shiga, sai daga baya na bi su ɗaya bayan ɗaya.

A lokacin ne na zo kan Dada. Dada tsohuwa ce da ta zo daga Garoua tun tana da ƙarfinta, ta kama ɗaki a gidan kakanmu tana dama fura, ba ta ƙara komawa ba. Ba ta auri kowa a gidan ba, ba ta haihu ba, amma babu wanda ya girma a tsakar gidan nan bai hau bayanta ba, har da ni. Mijinta take kirana, irin wasan kaka da jika, tana yi mini gorin ban taɓa ba ta kuɗin cefane ba. Da na zo saka ta, na rasa sunan da zan ba zarenta, sai kawai na ja zare daga ita zuwa kakanmu na bar shi babu suna. A wancan zamani ɗan aiken ba ya tambaya, duk zaren da ya gani bi yake yi.

Gwajin farko sunan jikan Baffa ne. Ban sa wa ɗan aiken iyaka ba, domin ban yi tunanin yana bukata ba. Ashe a New Bell in ka kama zaren mutum ɗaya ka ja, unguwar ce gaba ɗaya za ta biyo ka. Ya bi aure ya shiga gidan surukai, ya bi surukan surukai, ya fita ta masallaci ya ɓulla kasuwa. Har matattu ya gayyata. Lambar wani kawunmu da ya rasu tuni ta koma hannun wata mai sayar da kifi, matar ta zo da ƙawayenta biyu cikin ado, ta yi barka, ta ci shinkafa, ta ce yaron kamarsu ɗaya da marigayin. Layinmu ya toshe, masu bensikin, wato baburan haya, suna zagin iyayenmu. Shinkafa ta ƙare kafin liman ya samu.

Aka kira taro don a yanke inda zumunci yake ƙarewa. Dattawa suka wuni suna gardama a kan taki nawa ɗan aiken zai yi kafin ya tsaya. A ƙarshe aka tsayar da adadin da ya shigo da wani surukin Baffa mai manyan motoci, ya kuma bar wani ɗan uwa da ba sa ga maciji a waje. Baffa ya ce wannan ba son rai ba ne, lissafi ne.

Muka samu lafiya har mutanen ƙasar sanyi suka sake motsawa. A tsohuwar siga, in ɗan aiken ya shiga gida sau ɗaya ba ya komawa. A sabuwar, sai suka mai da shi mai lissafin hanyoyi: in hanya biyar ce ke kaiwa gare ka, sau biyar zai buga maka ƙofa. Sun rubuta wannan a wani dogon bayani da babu mai karantawa sai wanda ya riga ya ƙone. To mu kuwa gidan auren zumunci ne. Akwai wani dattijo da yake kawun amarya, kuma baffan ango, kuma surukin Baffa, kuma taubashin uwar amarya. Wayarsa ta yi ta ƙara kamar ta mai canjin kuɗi. Ranar biki ya zo da kuloli a jere, ya ce kowace gayyata da kwanonta, shi bai roƙi kowa ba, kiransa aka yi. Mata suka kai ƙara wajen Baffa. Baffa ya duba wayar mutumin, ya ɗaga kafaɗa ya ce, "C'est le système," wato haka tsarin yake. Aka zuba masa.

Na gyara wannan ma, ina tsine musu a zuci. Abin da ban lura da shi ba a shekarun nan shi ne, mata sun daina zagayen goro kwata-kwata. Kowa ya saki jiki. In ka tambayi mutum ko an gaya wa wance, sai ya ce ai na'ura ta tura.

Ana haka ɗakin Dada ya fara shan ruwa duk damina, aka mai da ita Sodiko, hayin gada, ta zauna a wani gida da ɗan Baffa ya gina bai tare ba. Sai kuma siga ta uku ta fito. Wannan karon sun cire tsohuwar hanyar ɗungurungum. Sun ce ɗan aike ba zai ƙara bin zare barkatai ba, dole ka lissafa masa sunayen zaren da zai bi. Na rubuta haihuwa, na rubuta aure, na gwada, sunaye suka zubo tuli, babu jan rubutu ko ɗaya. Zaren da ba shi da suna, ɗan aiken ya wuce shi bai ko ce uffan ba.

Bikin autar Baffa aka yi babu Dada. Yarinyar da ita ta yaye ta. Kowa ya ɗauka tana ɗakin wani, ko ƙafarta ce ta tashi. Sai ranar kai amarya, da aka zo neman wadda za ta riƙe hannunta ta fita da ita kamar yadda ta yi wa duk 'yan matan gidan, aka yi ta kallon-kallo. Dada kuwa a bakin wani mai bensikin ta ji, wanda ya yi jigilar 'yan biki. Aka kira wayarta ta ƙi ɗauka. Aka tura mata cincin da dubulan, ta mayar da su yadda suka je.

Baffa ya sake kiran taro. A gidanmu in an ɓata wa babba, mai laifin ne da kansa yake zuwa ban haƙuri, da goro, da wani dattijo a gaba. Aka tambayi mata, suka ce su an sallame su daga aikin gayyata tun tuni. Aka juyo kaina, na ce ni abin da aka ce in rubuta na rubuta, a je a tambayi waɗanda suka canza yare. Baffa ya ja carbi, sannan ya yanke hukunci: tunda na'ura ce ta ƙi kiranta, na'ura za ta je.

Haka muka kama hanya ran Asabar da hantsi, Baffa a kan bensikin ɗaya da ƙullin goro da turmin atamfa, ni a kan wani da kwamfuta a cikin leda biyu, na tura ta cikin riga saboda yayyafi. A kan gadar kogin Wouri mai babur ɗina ya tambaye ni ko gyara zan kai ta. Na ce a'a, haƙuri za ta bayar. Bai ƙara yi mini magana ba har muka isa.

Dada ta amsa sallamar Baffa, ni kuwa ta ce, "Sannu, malam." Tunda nake ba ta taɓa kirana haka ba, kuma ya yi mini ciwo fiye da zagi. Da Baffa ya yi bayanin wanda muka kawo, ba ta yi dariya ba. Ta shiga ɗaki ta ɗauko ƙaramar tabarma ta shimfiɗa, ta ce a zaunar da baƙo. Na buɗe kwamfutar na ajiye ta tana fuskantarta, goro a gabanta.

Ta daɗe tana yi mata faɗa, da Hausarta mai gauraye da Fulatanci. Ta gaya mata waɗanda ta yi wa wankan jego, da waɗanda ta kwana da su a asibiti. Ta tambaye ta ina take a lokacin. Ana cikin haka allon ya mutu don an daɗe ba a taɓa shi ba, Dada ta ce ko ba komai yana da kunya. Sannan ta juyo ta tambaye ni su wa suka haife shi. Na ce wasu mutane ne a nesa, su ne suke canza masa hali.

"Sun san ni?"

"Ba su san ki ba, Dada."

"To wanda bai san ni ba, yaya ya cire ni?"

Na yi mata bayanin zaren da ba shi da suna. Na ce gyaran ba wuya, yanzu zan rubuta cewa ita ta haifi mahaifina, shi ke nan. Ta daka mini tsawa, ta ce kada in kuskura in yi wa Allah ƙarya a kanta, ba ta haifa ba. Baffa ya ce to a sa 'yar haya. Ta dube shi har sai da ya gyara hularsa. Ya ce maƙwabciya. Ta ce maƙwabciya ce ta wanke masa kashi? Muka zauna, manyan mutane biyu da na'ura, mun rasa kalma ɗaya.

Can ta sassauta murya. Ta ce biki ba komai ba ne, ta ga biki har ta gaji.

"Ni abin da ya hana ni barci, ranar da na mutu a nan hayi, wannan abin ne zai faɗa wa mutane? Gawa ba ta jira. In ya tsallake ni, su wa za su tsaya a kaina?"

Baffa ya sunkuyar da kai. Ni kuwa tsoro ne ya kama ni, domin gaskiyarta ne, sanarwar rasuwa ma ta hannun na'urar take bi. A nan kan tabarmar na ƙirƙiro sabon irin zare, na sa masa suna dada, na karanta mata. Ta ce wannan dai ba ƙarya ba ne. Ta ɗauki goro ɗaya ta fasa, ta ba Baffa rabi, ta ajiye rabi a kan madannan kwamfutar. Da za mu tafi ta ce in gaya wa matata ta kwana da shiri, uwargida ta huce.

Tun daga ranar, duk sigar da ta fito, kafin in duba kwantena ko direba, sai na fara aiken yaron in ga ko zai kai ga Dada. Sau biyu ya ɓata, sau biyu na kamo shi. Abokan aikina sun saba, in an yi mise à jour, wato an sabunta siga, sai su leƙo su tambaya ko tsohuwa tana nan.

Daminar bara Dada ta rasu, da safe, maƙwabta suka kira Baffa, aka sa jana'iza bayan azahar. Na buɗe kwamfuta a ofis. Na ɗora ɗan aiken a kan ƙullinta. Na goge iyakar da dattawa suka wuni suna yankewa. Na lissafa masa duk wani irin zare da ke cikin rumbun, na ce ya bi gaba ya bi baya, ta kowace hanya, kada ya tsaya.

Kafin azahar bensikin sun cika gada. Ɗan uwan nan da lissafi ya bari a waje ya zo. Surukan surukai sun zo, da mutanen kasuwa da ban taɓa gani ba. Dattijo mai kuloli ya zo hannu rabbana, wayarsa tana ta ƙara a aljihu, shi ya fara shiga kabari ya karɓe ta. Mai kifin nan ma na hango ta cikin mata a ƙofar gida, tana kuka tsakaninta da Allah. Sahu ya cika filin ya malala kan titi.

Da muka dawo daga maƙabarta Baffa ya matso kusa da ni, idonsa jawur, ya tambaya a hankali ko système ɗin ne ya sake lalacewa. Na ce masa a'a, Baffa, ni na sake shi.