Ruwan da Na Ba Albasar Babana

Abubuwa da yawa sun faru da ni a shekarun makaranta waɗanda yanzu ko an matsa mini ba zan iya kawo su daki-daki ba. Amma kwana bakwai ɗin da na yi ina ɗura wa albasar babana ruwa, wannan kam har in koma ga Allah ba za su fita raina ba. Ko yau in na ratsa kasuwa na ji warin ruɓaɓɓiyar albasa, sai gabana ya faɗi.

Garinmu yana cikin kwarin da ke tsakanin Madawa da Buza, inda da rani kusan kowa manomin albasa ne. Garkar babana tana bakin fadama, tafiyar rabin awa daga gida. Yayyena maza biyu sun tafi cin rani sun zauna can, don haka shi kaɗai yake fama da ita. Ni kuwa ban san komai a kan albasa ba sai yanka ta a miya. Tun ina ƙarama ya yanke cewa tawa garkar ita ce lakkwal, wato makarantar boko, in na bi shi ma sai ya ce in zauna a inuwa in buɗe littafi. Ga shi kuma ba mutum ne mai yawan bayani ba. In ya yi abu, ya yi ke nan, ba ya tsayawa faɗin dalili.

Ina aji uku a kwalej aka kawo mana sabon malamin kimiyya, matashi, wanda muke kira Mushe kamar kowane malamin boko a wajenmu. Ya zo da wani akwati da wata ƙungiya ta ba makarantar, cike da wayoyi kala-kala, da ƙananan injuna, da wasu alluna masu faɗin tafin hannu da ya ce su ne ƙwaƙwalwar na'ura. Ranar Laraba da yamma ba a karatu, sai ya mai da ita ranar akwati. Mu goma sha wani abu muke zagaye kwamfutarsa guda ɗaya, muna rubuta umarni, a tura cikin allon, mu zuba ido. Ranar da ɗan ƙwan fitila ya fara kyaftawa bisa umarnin da na rubuta da hannuna, na yi ihun da sai da mai gadi ya leƙo. Daga baya muka haɗa mota da gwangwanin kifi da marfin kwalba, wadda in ta kusa bango take juyawa da kanta. To daga nan kaina ya fara girma, don ni ce kan gaba wajen gano inda umarni ya karkace, kuma ban iya ɓoye jin daɗina ba.

Da Mushe ya ce kowane rukuni ya ƙirƙiro abin da zai amfani gida, ban yi dogon tunani ba. Kullum da magariba ina ganin babana ya dawo yana dafe da ƙugu saboda jan ruwa. Muka haɗa ɗan famfo mai aiki da farantin hasken rana, muka ɗaura wa allon ƙusoshi biyu da ake sokawa a ƙasa su ji danshi. Umarnin da na rubuta layi biyu ne in an fassara shi da Hausa: in ƙasa ta bushe, kunna famfo, in ta jiƙe, kashe. Na dube shi na ga babu abin da ya rage a duniyar ban ruwa da ban rufe ba.

Babana ya daɗe yana jujjuya allon a hannunsa ranar da na kai masa.

Ya ce, "Wanga abu naki, shina sanin ƙishirwa?"

Na ce, "Shina sani, Baba. Ya hi mutum ma sani."

Ya yi ɗan murmushi ya ce, "To aza shi nan kusa ga rijiya, tunda tiyon naku gajere na."

Fangalin dashe shida ne tiyon ya iya kaiwa, kuma waɗannan shidan ba kamar sauran ba ne. A cikinsu yake dasa albasar da ya gada daga mahaifinsa, wata ja mai duhu, mai ƙarfin ɓawo, wadda ke daɗewa a ajiye. Duk shekara yakan ware masu kyau ya adana har bayan damina, ya sake dasa su su yi fure, ya sami iri. A shekarar nan ruwan ƙarshen damina ya lalata masa yawancin dashen, abin da ya tsira shi ne ya cika fangali shidan nan. Sauran garkar irin kasuwa ya sayo a Madawa ya zuba. Wato duk abin da ya rage na irin kakana a hannunmu, shi ne babana ya miƙa wa na'urata. A lokacin na ɗauka gajartar tiyo ce kawai. Sai da na girma na gane yarda ce.

Wata biyu na'urar tana aiki lafiya lau. Albasa ta yi kore shar, maƙwabtan garka suna zuwa kallo, babana yana yi kamar bai damu ba amma ina jin sa yana ce musu, "Ɗiyata ta yi shi." Ni kuwa tafiyata ma ta canja.

Da zafi ya shigo, aka aiko cewa mijin yayar babana ya rasu a Tamaske. Babana da innata suka tafi ranar Juma'a, za su yi mako guda, aka bar ni wajen kakata. Ranar Asabar na je garka, sai na tarar ganyen albasa duk ya kwanta, ƙasa ta fara tsagewa, tiyona kuma an zare shi daga famfo an ajiye a gefe. Raina ya ɓaci. Na ce lallai yaran masu kiwo ne suka yi wannan ɓarna da suka ga mai garka ba ya nan. Na mayar da tiyo, famfo ya ɗauka, ƙasa ta riƙa shan ruwa ina jin daɗi. Har takaici na ji da tiyon bai kai sauran garkar ba, don ita ma duk a bushe take. Ko kaɗan bai zo mini a rai ba in tambayi kaina yadda aka yi mutumin da bai taɓa barin albasarsa kwana biyu ba ya tafi mako guda hankali kwance.

Garkar da ke jikin tamu ta wani dattijo ce Kirista, mai gyaran famfo a asibitin mishan, wanda saboda haka kowa Likita yake ce masa. Ya zo yankinmu baƙo tun kafin a haife ni, babana ne ya koya masa aikin garka, mu kuma Kawu muke kiran sa. Ya riga ya cire tasa albasar, shi ya sa bai leƙo ba sai ranar Litinin da la'asar. Ya tsaya bakin shinge yana kallon ruwa na bin fangali.

Ya ce, "Ke ɗiyata, wa yac ce ki maido ma albasag ga ruwa?"

Na ce, "Kawu, ba ni ba ce, na'ura ta. Ita ta san in ƙasa ta bushe."

Ya ce, "Ubanki da hannunai yac cire tiyon nan, ina kallo. Albasa in ta kwanta ba a ba ta ruwa. Tsai da abinki."

Na ce to, kamar yadda ake ce wa manya to. Ya hau kekensa ya tafi, ya ɗauka magana ta ƙare. Ni kuwa a raina na ce tsofaffi ke nan, duk abin da ba su saba da shi ba tsoro yake ba su. Kuma ranar Laraba Mushe zai kawo 'yan rukuninmu su ga na'ura tana aiki, ina zan nuna musu busasshiyar ƙasa da famfo a kashe? Na ce bari Laraba ta wuce tukuna. Laraba ta zo, aka tafa mini, Mushe ya ɗauki hoto. Yabon ya shiga kaina, na bar famfo yana ta aikinsa har Juma'a.

Babana ko gida bai tsaya ba da suka dawo, ya wuce garka, na bi shi ina ɗokin ya ga yadda na ceto masa albasa. Ya tsaya a kan fangalin farko, takalminsa ya nutse a laka. Ya durƙusa ya tono guda ɗaya, ƙatuwa, mai sheƙi, ya danna wuyanta da babban yatsa, ruwa ya tsattsafo.

Ya ce, "Ta sha ta ƙoshi." Sannan ya ce, "Likita bai yi miki magana ba?"

Na sunkuyar da kai. Da ya zage ni ko ya ɗaga hannu, da na fi samun sauƙi. Zare tiyon kawai ya yi, ya naɗe shi a hankali, ya miƙo mini.

Innata ce ta yi mini bayanin abin da kowane yaron garka ya sani ni ban sani ba. In albasa ta nuna, ana yanke mata ruwa kwanaki kafin a cire ta, don wuyanta ya bushe ya rufe, ɓawonta ya yi ƙarfi. Wadda ta sha ruwa a ƙarshe takan yi girma da kyan gani, amma ba ta jure ajiya. Ta sayarwa ba laifi, a kai kasuwa a cinye. Ta iri kuwa sai ta kwana wata biyar ko shida a cikin rudu, ɗan ɗakin kara da ake ɗagawa bisa itace don iska ta riƙa ratsawa.

Babana ya ƙara mata kwanaki, ya cire, ya shanya, ya jera a rudu ko Allah zai sa wasu su tsira. Da damina ta kankama wari ya fara fitowa. Duk mako yakan shiga ya tsince ruɓaɓɓu, ni kuma ba wanda ya sa ni, nake ɗaukar kwano ina kwashewa ina zubarwa bayan shinge. Wannan karon bai ce in koma inuwa ba. Akwatin Mushe kuwa na daina zuwa wajensa, allon na cusa shi a kwali ƙarƙashin gado. Mushe da kansa ya zo gida ya ba babana haƙuri, ya ce shi ma da laifinsa, don ya koya mana tambayar na'ura bai tura mu tambayar manomi ba.

Da lokacin dasa albasar iri ya zo, abin da ya rage bai cika kwano ba. Babana ya zauna bakin rudu da wuƙa yana yanke kawunansu ɗaya bayan ɗaya kamar yadda ake yi kafin dasawa. Kowace ya yanka, cikinta baƙi ne. Da ya yanka ta ƙarshe ya goge wuƙar a rigarsa ya ce, "Irin tsohona ya ƙare ga hannuna." Bai ce ga hannuna ni ba, nasa ya ce. Na zaga bayan rudu na yi kukan da ban taɓa yin irinsa ba.

Bayan kwana biyu da hantsi muna garka, sai ga Kawu ya turo kekensa da buhu ɗaure a baya. Ya sauke a gaban babana ya kwance bakin. Albasa ce ja mai duhu, busasshiya, ɓawonta yana ƙara in an taɓa.

Ya ce, "Malam, shekarad da niz zo garin ga ba ni da ko ƙwara, kai kab ba ni kwando guda. Ita nika dasawa har yau, ban taɓa garwaya ta da wata ba. Na yi kurum ne in ga ko taka za ta tsira. Ga abinka."

Babana ya ɗauki guda ya jujjuya, ya kai hanci ya shinshina. Ya ce, "Likita, ni na aza ka daɗe da barin ta." Sai ya shiga yi masa addu'a. Kawu ya juyo ya dube ni, na ɗauka zai tuna mini da ranar Litinin ɗin nan, amma cewa ya yi in kawo masa ruwan sha.

Da yammar ranar babana ya kira ni ya ce in ɗauko na'urar nan tawa, da kaye da bik, wato littafin rubutu da biro. Na ce na bar wannan harka. Ya ce, "Abun bai yi laihi ba, abin da anka ce mishi shi yay yi. Ni ban hwaɗa miki ba, ke ko ba ki tambaya ba, kuma da anka hwaɗa miki ba ki ji ba. Zamna ki rubuta." Na zauna. Mutumin da ba ya bayani ya yi ta magana har kiran magariba: yadda ake ba sabon dashe ruwa kaɗan-kaɗan, yadda ake ragewa da sanyi, dalilin da ba a ba da ruwa rana tsaka, da yadda ake gane wuya ya yi laushi. Na cika shafi huɗu. Layi biyuna da nake taƙama da su, na dube su kunya ta kama ni.

Da Mushe muka sake rubuta umarnin bisa shafukan nan. Abu ɗaya ne ƙusoshi suka kasa ji, wato nunar albasa, don wannan sai ido da yatsa. Sai muka sa wani jan maɓalli a jikin akwatin na'urar, wanda in aka danna shi famfo ba zai ƙara tashi ba ko ƙasa ta tsage. Babana ne ya danna shi a ƙarshen ranin nan, ni ina tsaye ina kallo, kuma albasar ta kai bayan damina lafiya.

Yanzu ni ce nake ɗaukar irin wannan akwati ina shiga aji, a wata kwalej a yankin Keita. Ranar farko ba na buɗe shi, duk yadda yara suka ƙagu. Nakan tura kowa gida ya zauna gaban wanda yake son taimakawa, ya tambaye shi yadda yake aikinsa da dalilin kowane abu, ya kawo mini a rubuce. Abin da albasar babana ta koya mini ke nan: na'ura ba ta san komai ba sai abin da ka zuba mata, kuma in ba ka tambayi masu aikin ba, jahilcinka za ta yi ta aikatawa ba gajiya. Babana ya rasu, amma jar albasar tana nan a garkarmu, kuma duk shekara in na je gida nakan ware kwando guda in kai gidan Kawu.