Ɗakin Garkar Kakanmu

Shekarar da Nasara sunka kafa alamun iyaka tsakaninmu da Ƙonni ina ɗan ƙarami, amma ba su na riƙe ba. Abin da na riƙe wutar Kaka Hassu ce. Lokacin ɗari, da an sallame magariba, sai ta jawo karan gero ƙofar ɗakinta ta hura, mu jikoki mu kewaye ta muna gasa tafin hannu. Ba ta fara gatana sai ta tsokane ni.

"Mijina, matso kusa. Miji ba ya ba matatai ko goro, sai dai ya tare mata wuta."

In an gama dariya ta ce, "To, ga wata nan tahe." Mu ce, "A ba ta tabarma."

Akwai guda da take yawan maimaitawa, har muna gunaguni, don babu kura ciki, babu dodo. Wai wani tsoho ya mutu ya bar wa ɗiyanshi biyu ɗakunan garka biyu, duk sun tsufa, gara ta ci, jinka ta lotsa. Babban ya ce shi ba ya wasa da kunama. Ya sa wa nashi wuta, kafin azahar wuri ya yi fes. Da ya zo ɗaura sabuwar jinka sai ya tsaya da igiya a hannu, bai san ta inda ake farawa ba, kuma wanda zai tambaya yana ƙasa. Ƙaramin kuwa zama ya yi yana kwance nashi, ƙulli bayan ƙulli. Mutane na wucewa suna mishi dariya. Kwana bakwai yana kwancewa, ran na takwas ya iya ɗauri.

"Kun ji ko?" in ji Kaka, tana tura kara cikin wuta. "Mamaci ba ya magana, amma hannunshi na nan inda ya bar shi."

Ni dai a lokacin barci nike ji.

Bara waccan Kaka ta rasu. Garkar da ta bari a bakin fadama ta yi shekaru ba a taɓa ba, babana yana can yana fatauci, ni ina bin shi. Sai ga saƙo daga mai gari: mutane na ta ƙetarowa daga wajen Faransa, suna gudun aikin tilas, kuma kowa na son wurin da zai dasa albasa. Garkar da ɗakinta ke tsaye da jinka, tana da mai ita. Wadda ta zama kango, za a ba baƙo. Ya ba ni wa'adin kasuwa biyu in gyara ɗakin.

Da na je na ga ɗakin, wallahi wuta na fara tunani. Rabin jinkar ta faɗa ciki. Ga tsohon guga ya bushe kamar ƙirgi, ga fasassun tukwane, ga kashin ɓera, ga saɓar maciji rataye a bango. Kwana guda na yi ina kwashe shara da tsintsiyar kaba. Na kashe kunama biyar, ta shida ta rama. Har na ɗauko ƙyastu, sai na ji kamar tsohuwar nan na mini dariya. Na mayar da shi aljihu.

Ni ban taɓa ɗaurin jinka ba, ba wanda ya koya mini. Na jawo tsaikon waje, wato ƙashin jinkar, na zauna na fara kwancewa. Ku zo ku ga abin mamaki. Ashe ba haka nan ake ɗora shibci, wato ciyawar jinka, ba, daga ƙasa ake farawa, kowane layi ya rufe kan na ƙasanshi, yadda ruwa zai sulale. Ashe gefen gabas ya fi kauri, don ta can hadari ke bugowa. Kowane ƙulli in na kwance sai in sake ɗaura shi sau uku kafin in wuce. Sai dai hannuna ya yi ta gardama, igiyar na son bi ta inda ban saba ba.

Akwai wani dattijo da ke zuwa kullum ya zauna gindin tsamiya yana kallona. Na san ko wane ne. Malam Ango, baƙon da anka yi wa alkawarin garkar in na kasa. Ban gaishe shi da kyau ba sai rana ta huɗu, da ya taso ya duƙa kan aikina.

"Samari, wa ya ɗaure tsohuwar jinkar?"

"Kakana, mijin Kaka Hassu. Ban tarad da shi ba."

"Bahago ne. Kai kuma ga ka badame, kana ta kokawa da hannun wani. Juya igiyar haka."

Na juya, ta bi kamar ruwa. Na ce, "Baba, mi ya sa ka hwaɗa mini?"

"Idona ka ciwo in ana ɓata igiya."

Ana gobe wa'adi ya cika na gama baibaya. Nan na gane abin da gatanar ba ta taɓa faɗi ba: a ƙasa ake ɗaure jinka, kuma mutum ɗaya ba ya ɗaga ta. Mutanen gidanmu duk suna kasuwar Ƙonni. Na zagaya ta, na sake zagayawa. Malam Ango ya tashi ya tahi. Can sai ga shi da ɗiyanshi maza huɗu. Munka shiga ƙarƙashinta, ya ce bismillah, munka ɗora ta bisa bango. Ta ɗan karkace ta yamma, har yau a karkace take.

Garka ta tsaya gare mu. Shi kuwa anka ba shi wani tudu can wajen Lafani, inda sai an haƙa gaba goma kafin a ga ruwa.

Da ina yaro na ɗauka gatanar Kaka ta haƙuri ce kawai, mai haƙuri ya samu, mai gaggawa ya rasa. Yanzu in na zauna inuwar ɗakin nan sai in ga ta rage wani abu, ko don mu yara ne. A gatanarta ƙaramin ya ci, ba wanda ya yi asara sai wawa. A tawa wanda ya yi asara ba wawa ba ne, kuma da kafaɗarshi anka ɗaga jinkar. Albasar fari da na cire na kai mishi kwando guda. Ya karɓa, ya sa albarka, ya tambaye ni ko ɗakin na zuba.